Sun Saye Ni, Yaya

Damagaram, watan Nuwamba

Zuwa ga yayata Raishatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin mahaifiyarmu Anna? Ina fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta tunda an gama yawon damina. Ki gai da Baba Dodo, yayan mahaifinmu, da kyau. Ni lafiyata lau, ba abin da ke damuna sai kewar nonon taguwa.

Na zaɓi takarda ne don na san waya ba ta kamawa a Tenhya sai an hau tudu, kuma Anna ta fi son maganar da za ki karanta mata yau ki sake karanta mata jibi. Manzo direba ya ce zai riƙa kawo miki ranar kasuwa.

Ƙungiyar da ta ɗauke ni sunanta Garkuwar Birni. Masu tsaron gida mu uku ne, ni ne na baya duka. Malam Safiyanu, mai horar da mu, shi ne mutumin nan da ya gan ni a wasan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a Tanout. Ranar farko ya sa aka yi ta ɗaga mini ƙwallo sama, ya turo ƙarti biyu su riƙa bangaje ni. Ban saki ko ɗaya ba. Ya ce hannuna na mai jan guga ne, abin da ya kama ya kamu, amma ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba. Gaskiya ya faɗa. Kullum in kowa ya watse nakan tsaya ina dukan bango da ita.

'Yan wasa suna ce mini Buzu, suna kwaikwayon yadda nake Hausa. Wani ya tambaye ni ko na ɗaure raƙumina a bakin fili. Na ce masa na ɗaure, in ya zuba mini ƙwallo ɗaya yau raƙumin ya zama nasa. Har aka tashi bai samu ba. Yanzu shi ke ajiye mini wuri in za a ci abinci.

Na san Baba Dodo shekara ɗaya ya ba ni in gwada ƙwallo in dawo, kuma na san tun rasuwar mahaifinmu shi kaɗai ke fama da rijiya da garke. Ban manta ba. Ki gaya masa kafin shekarar ta cika ni ne zan zama na farko a ragar nan. Ba cika baki nake ba, na kalli na gabana da kyau, sun fi ni daɗewa ne kawai.

Ƙanenki,
Rissa

*

Tenhya, watan Disamba

Zuwa ga ƙanena Rissa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Mu ma lafiya. Gwiwar Anna da sauƙi, sai dai da safe in akwai sanyi. Yara suna gaishe ka. Aiki a ɗakin shan magani ya yi yawa, tari ya kama yaran zango da dama, amma ba a rasa kowa ba.

Na karanta wa Anna, ina juya mata da Tamajaq. Da na zo wurin mai tsaron gida ta tsayar da ni ta ce gidan wa kake tsaro, kuma me ya sa mai gidan ba ya tsaron abinsa. Na ce mata ƙofa ce kawai, ba gida a bayanta. Ta ce mutanen birni suna da lokaci. Amma ta karɓi takardar ta sa a cikin jakar fatarta, kuma duk macen da ta shigo sai ta ji cewa ba ka saki ko ɗaya ba.

Baba Dodo ma yana wurin. Yana zaune yana gyaran igiyar guga har na gama, sannan ya tambaya ko kana salla a kan lokaci. Rijiya ta fara nisa tun yanzu. Farin raƙuminsa ne ke ja, shi yana bakin rijiya yana karɓar guga, kuma na ga yadda yake dafa ƙugu in ya miƙe. Ba zai gaya maka ba, shi ya sa ni nake gaya maka.

Maganar zama na farko kuwa, ka rage faɗi. Ni na yarda da kai tun kana cafe tulu in ya kuɓuce daga kan jaki. Amma ka bar aikin ya riƙa zuwa kafin maganar.

Ga cuku nan Anna ta ba Manzo. Ta ce ka ba wanda ke ajiye maka wuri.

Yayarka,
Raishatu

*

Damagaram, watan Maris

Yaya Raishatu,

Ina gaisuwa, ina gai da Anna da Baba Dodo da kowa da kowa. Yaya zafi? Nan ma ya fara, amma ba kamar namu ba. Ni lafiya, sai ɗan targaɗe a yatsa wanda ya riga ya warke.

Kin ce aiki ya riga magana, to ga aikin. Mai tsaron gidanmu na farko ya karye a hannu, na biyu kuma ya yi faɗa da alƙalin wasa aka dakatar da shi. Ana gobe za mu tafi Maraɗi Malam Safiyanu ya miƙo mini safar hannu ya ce, "Kai ne gobe. In ka ji tsoro ka gaya mini yanzu." Na ce masa wanda ya taɓa shiga rijiya ya ɗauko ɗan akuya ba raga ce za ta ba shi tsoro ba.

Ba zan ɓoye miki ba, farkon wasan bai yi kyau ba. Mutanen da ke bayan ragata sun ga kamannina, suka fara kukan akuya, wasu suna kiran wata kalma da ba zan rubuta ba. Na juya in kalle su, kafin in juyo an zuba mini ɗaya. Laifina ne, ba na kowa ba. Daga nan na ce wa kaina ba wanda ya kawo ni Maraɗi don in saurari bayana. Duk ƙwallon da ta tashi sama na fita na ɗauke ta a kan kawunansu. Muka rama, aka tashi ɗaya da ɗaya. Da muna fita wani dattijo daga cikin masu kukan akuyar ya miƙo mini hannu ta cikin waya, na ba shi nawa.

Tun daga ranar ba a cire ni ba. Na farkon ya warke, yana benci.

Yanzu ga abin da ke da nauyi. Na so in zo in kama wa Baba jan ruwa a wannan rani, amma gasa ba za ta ƙare ba sai damina ta kusa. Ki ba shi haƙuri. Na aika wa Manzo ɗan abin da za a ba wani ya riƙa taya shi. In ya ƙi karɓa ki ba mutumin a ɓoye.

An ce wasu mutanen Yamai sun zo kallon wasanmu har sau biyu, kuma ni suke tambaya. Ban san gaskiyar abin ba tukuna.

Ƙanenki,
Rissa

*

Tashar Damagaram, watan Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun dawo daga arewa lafiya da dabbobi. Ni lafiya. A kan gwiwata nake rubutu, mota na shirin tashi.

Mutanen Yamai sun saye ni. Manya sun gama magana jiya, an biya, yau za su tafi da ni. Ban samu zuwa in yi muku sallama ba, ba su ba ni lokaci ba. An ce za a kai mu wani wuri a bayan gari a killace mu har a fara gasa, kuma za a karɓe wayoyi. Kada Anna ta damu. Ke kin san yadda abin yake, ki yi musu bayani.

Rissa

*

Tenhya, watan Nuwamba

Rissa,

Ina fatan wannan ta same ka lafiya, in ma ta same ka. Na aika ta hannun Malam Safiyanu don ban san inda kake ba. Mu da rai, amma ba zan ce maka lafiya ba. Anna ba ta cin abinci sai na zauna a kanta.

Ka san abin da takardarka ta yi? Tun Maris ba mu ji daga gare ka ba, mu ma ba mu rubuta ba don zango ya yi arewa duk damina. Sai ga ɗan guntun nan. Ranar da Manzo ya kawo shi ba na nan, an tura mu Tanout koyon sabon rigakafi. Ya ga Baba Dodo a kasuwa ya miƙa masa. Baba ba ya karatu, sai ya ba Gajere mai shayi, shi kuma ya karanta da ƙarfi a gaban duk wanda ke kan benci. Sun saye ni. An biya. Za su tafi da ni. Za a killace mu. Kafin la'asar ba rumfar da ba ta ji ba.

Ni na san me kake nufi, ina jin rediyo, na san haka 'yan ƙwallo ke magana. Amma kai ɗan gidan nan ne. Ka manta da kakar Anna, wadda aka ɗauke tana yarinya a bakin rijiya aka sayar, ta girma ta haihu ta rasu ba ta san garinsu ba? Ka manta har yau akwai gidajen da za su sha shayi da mu amma ba za su ba ka 'yarsu ba? A birni wannan kalma wasa ce. A bakin Gajere, a kasuwar Tenhya, da sunanka a ƙasan takarda, ba wasa ba ce.

Wasu samari sun yi ƙoƙarin yi wa Baba bayani. Ya ce su kira ka ya ji. Suka hau tudu suka yi ta kira, wayarka a kashe. Ya ce to ga shi nan, abin da takarda ta faɗa ne.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya ja farin raƙuminsa ya kai kasuwar Tanout ya sayar. Raƙumin da ya raina tun yana ɗan taguwa, wanda ke ja mana ruwa. Ina cikin garin a ranar ban sani ba. Ya ɗaure kuɗin a gefen rawani ya hau mota. Ya ce wa Anna, "Ƙanena ya bar mini yaro. In an saye shi zan fanso shi, in bai isa ba su riƙe ni a madadinsa."

Mutumin nan bai taɓa wuce Damagaram ba. Ba ya jin Zabarmanci, ba ya jin Faransanci, Hausarsa ta ciniki ce. Yau ga shi a hanyar Yamai, ko ma ya isa, ba mu sani ba. Ka bar duk abin da kake yi ka neme shi. Kuma in ka gan shi kada ka yi dariya, kada ka bari wani ya yi.

Raishatu

*

Yamai, watan Disamba

Zuwa ga yayata Raishatu,

Bayan gaisuwa, abu na farko: Baba Dodo yana nan tare da ni, lafiyarsa lau, yanzu haka yana tsakar gida yana hura gawayin shayi. Ki gaya wa Anna ta ci abinci. Ni ma lafiya. Na kira lambarki ba ta shiga ba, shi ya sa na rubuta, don ki karanta mata duka.

Baba ya riga takardarki zuwa. Ya bi ta Damagaram ya nemo Malam Safiyanu. Malam ya yi masa bayani iya bayani, Baba ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Kai ne ka karɓi kuɗin?" Malam ya ce ƙungiya ce ta karɓa. Baba ya ce to a rubuta masa inda aka kai ni. Da wannan 'yar takarda ya yi ta nuna wa mutane har ya iso ƙofar wurin da muke atisaye. Mai gadi ya hana shi shiga, sai ya shimfiɗa bargonsa a bakin ƙofa ya zauna. Muna dawowa daga gudun safe na hango rawani, na gane zaman tun daga nesa.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba sai da ya kama hannuwana ya juya su, ya duba wuyan hannu, ya duba ƙafafuna. Yaya, sai a lokacin na gane abin da yake nema, shatin igiya. Ba wanda ya yi dariya.

Ya ce in kai shi wurin mai gidan. Shugaban ƙungiyarmu, Taurarin Kogi, wani Alhaji Haris ne, yana jin Hausa. Muka shiga ofishinsa. Baba ya ƙi kujera. Ya kwance gefen rawani ya ajiye ƙullin a kan tebur ya ce, "Ga abin da na samu. Ka ɗauka ka ba ni yarona."

Alhaji Haris ya miƙe tsaye. Ya ce, "Baba, ba mutum muka saya ba. Takardar aikinsa ce ke hannun mutanen Damagaram, muka biya su suka sake ta. Shi kuma albashi muke ba shi duk wata."

Baba ya ce, "Ba kai na zo tambaya ba." Ya juyo gare ni, ya koma Tamajaq. "In ka ce yau za ka tafi gida, akwai mai hana ka?"

Na so in ce babu, don a gama. Amma ba ƙarya ya yi wannan tafiya ya ji ba. Na ce, "Ba mai ɗaure ni, Baba. In na fita ƙofar nan ba mai bi na. Amma na sa hannu a kwantara ta shekara biyu. In na tafi, ba zan yi wa wata ƙungiya wasa ba sai ta cika."

Ya ce, "Wa ya riƙe hannunka ka sa?"

Na ce, "Ba kowa. An karanta mini, ni ma na karanta, na ce a gyara wuri ɗaya aka gyara."

"Da ka ce ba ka so fa?"

"Da ina Damagaram yanzu."

Sannan ya ce, "To me ya sa ka rubuta wa uwarka abin da ba haka ba?" Na ce haka ake faɗa a nan. Ya ce, "Su faɗa. Kai ba ka da bakin faɗar wannan." Ya ɗauke ƙullinsa ya mayar.

Alhaji Haris ya so ya sauke shi a otel, ya ƙi, ya ce inda nake kwana nan zai kwana. Yanzu an sallame mu daga sansani, yana ɗakina. Ya zagaya ko'ina, ya ga inda muke ci, ya tambayi wani ɗan wasa daga Agadas da yarenmu ko ana dukanmu. Kogi ne kawai ya ba shi mamaki. Ya tsaya a kan gada ya ce duk wannan ruwa ba mai ja.

Maganar shekara ɗaya ma mun yi ta. Na gaya masa a fili ba zan koma ba sai na cika abin da na sa wa hannu, kuma bayan nan ma ina ganin gaba zan yi. Na ce raƙumin da ya sayar ni zan mayar. Ya ce ba a kai nan ba tukuna. Ranar Lahadi za mu buɗe gasa a babban fili, ni ne a raga. Ya ce zai ga aikin da idonsa, sannan ya san abin da zai gaya wa Anna.

Ban ji tsoron Maraɗi ba, kuma ba na jin tsoron Lahadi. Ƙafar hagu ta zama tawa yanzu. Ki roƙa mini gafara wurin Anna kafin in zo in roƙa da bakina.

Ƙanenki,
Rissa

*

Tenhya, watan Janairu

Zuwa ga ƙanena Rissa,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Anna tana ci tana sha, har ta koma saƙar tabarma. Ta ce ta yafe, amma sai ka zo ta ja kunnenka. Baba Dodo ya iso lafiya ranar Talata a motar Manzo, da buhun shinkafar da ka haɗo shi da shi.

Ranar da ya dawo bai ba kowa labari ba. Ya duba dabbobi ɗaya bayan ɗaya, ya yi faɗa a kan igiyar da aka bari a rana, ya kwanta. Washegari ya tafi Belbeji da kuɗin nan ya sayo wani ɗan raƙumi ja wanda bai gama koyon ja ba. Ya ce in gaya maka kada ka aiko da komai a kan wannan, shi ya sayar da nasa, ba kai ba. Ɗan Manzo babba zai riƙa taya shi a rijiya bana, an gama magana.

Wasan kuwa, Anna ya fara ba labari, ina gefe. Ya ce mutum goma suna tafiya su bar ka kai kaɗai a baya, bai ga hankali a cikin wannan ba. Ya ce an zuba maka ɗaya, ya ga ka ɗauko ta daga raga ka jefa gaba ba ka sunkuyar da kai ba, kuma naku sun zuba biyu. Ya ce kusa da tashi alƙalin ya ajiye ƙwallo a gabanka, kowa ya ja baya, aka bar ka da mutum ɗaya. Wanda ke zaune kusa da shi ya rufe ido. Shi bai rufe ba, ya ga ka tashi kamar an jefa ka, ka ture ta. Anna ta tambaya ko za ka dawo. Ya ce, "Ba bana ba. Yana da aiki."

Ranar kasuwa na bi shi don ina tsoron bakin mutane. Ya tafi kai tsaye teburin Gajere ya zauna a kan bencin da aka karanta takardarka. Wani daga cikin gidajen nan da ka sani ya ce, "Dodo, an ce ka je fansa. Nawa suka ce?" Wasu suka yi murmushi.

Baba ya kurɓi shayinsa tukuna. Sannan ya ce, "Na je, na gani. Kun san ƙanena Shu'aibu. Ya yi shekarunsa a nan yana ja wa dabbobin wasu ruwa, ba a taɓa kiran sunansa a taro ba, ko a ce ya matso gaba. A Yamai an rubuta sunan a bayan rigar ɗansa. Da yaron ya ture ƙwallon nan, mutanen da suka fi kasuwar nan sau goma suka miƙe tsaye suna kiran Shu'aibu, Shu'aibu. Na duba hagu na duba dama, ba wanda ya san shi sai ni. Sai ni ma na miƙe."

Gajere ya sake cika masa kofi.

Ka kula da yatsun nan, ka riƙa salla a kan lokaci. In an sa ranar wasanku na gaba ka sanar da mu da wuri, Baba ya sayi batirin rediyo.

Yayarka,
Raishatu